Maƙeran Ingila a Ɗakin Umma

Ni ne na fara shigo da kiɗan Turawa gidanmu a unguwar Al-Sih ta Madina, kuma ba da alfahari nake faɗa ba. Shekarata goma sha tara a lokacin. Na gama sakandare da ƙyar, ina zaman jiran aiki, kai kuma ya cika da iska irin ta saurayin da ya ga gashin baki ya fara tsiro masa.

Wanda ya koya mini wani Bahaushen Sudan ne mai gyaran rediyo da rikoda, yana da ɗan shago a kan hanyar Ƙiblatain. Ya girme ni da kusan shekara goma, amma mun shaƙu. In ka shiga shagonsa karatun Alƙur'ani za ka ji yana tashi, don da shi yake gwada duk rikodar da ya gyara a gaban mai ita. Sai dai akwai wani aljihun tebur can ƙasa inda yake ɓoye kaset ɗin da wani direban babbar mota ke kawo masa daga Jidda. A Madinar wancan zamani ba a kunna irin waɗannan a fili.

Wata rana bayan la'asar ya janyo ƙofar shagon, ya ce da salon kiran 'yan Sudan, "Ya zol, zauna ka ji abin da ba ka taɓa ji ba."

Ya danna. Jita ce ta fara, ita kaɗai, a hankali, har na ɗauka abin ba shi da wani armashi. Sai ganga ta faɗo a kanta, sai wani ya buɗe murya ya yi sama da ita kamar wanda ƙofa ta datse wa yatsa. Ban ji kalma ko ɗaya ba, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Amma tsigar jikina ta tashi, kuma da waƙar ta ƙare na ce ya maimaita.

A jikin kwalin akwai hoton wasu Turawa huɗu ramammu, gashi har kafaɗa, ka ce gaba suke yi da wanzami. Abokina ya ba ni tarihinsu yadda ya san shi, kuma yanzu na gane rabi ƙari ne. Ya ce 'ya'yan leburori ne daga wani gari mai sanyi da hayaƙin masana'antu a Ingila. Ya ce a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka fara, ana ba su abinci a matsayin lada, ga shi yanzu filin ƙwallo ba ya ɗaukar masu zuwa jin su. Abin da ya fi so ya nanata shi ne wai daga faifan baƙaƙen Amurka suka koyi sana'ar. "Kiɗanmu ne ya je yawo ya dawo da farar fata," in ji shi. Wannan kam daga baya na ji masana ma suna faɗin kusan haka.

Na roƙe shi ya ɗaukar mini. Ya ce in kawo kaset, yana da rikoda mai baki biyu. Lokacin an gama aikin Hajji ke nan, alhazai sun kwashe duk wani sabon kaset da ke shagunan kusa da mu. Da na yi haƙurin mako guda da an kawo wasu. Ban yi ba, don na san a ɗakin Umma akwai gwangwanin biskit cike da su.

Umma mahaifiyata ce. Tana da shekara tara mahaifinta ya taso da ita daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, wani wuri a ƙasa wani wuri a bayan mota, suka yi shekaru a Sudan kafin su haye teku. Yayarta, wadda suke ciki ɗaya, ta riga ta yi aure a lokacin, aka bar ta can. Ba su sake ganin juna ba. Ba wadda ta iya rubutu a cikinsu, don haka da rikoda ta shigo duniya sai ta zame musu hanya. Duk shekara wani alhaji daga ƙauyen zai zo da kaset ɗin Yaya a naɗe cikin tsumma, Umma ta miƙa masa nata da ta riga ta ɗauka, da dabino da turare.

Umma ba ta taɓa sauraren kaset ɗin nan take. Lokacin alhazai tun asuba take kan tanda tana suyar waina, da rana tuwo, don ita ce ke ciyar da rabin 'yan Nijar da ke sauka a layinmu. Takan ce ba za ta ji Yaya da kunne ɗaya ba. Sai baƙi sun watse, ta huta, ta zaɓi wata Juma'a ta kira maƙwabta uku ko huɗu, a dafa shayi, a zauna. Saboda haka amsar kowace magana sai ta shekara kafin ta tafi. Yaya za ta ce ƙafarta na ciwo, sai baɗi Umma ta aika da sannu, wata baɗin kuma amsa ta dawo cewa ai ta warke tuntuni.

Na shiga ɗakin Umma tana wajen maƙwabta. Na yi dabara irin ta wawa, na ce na can ƙasan gwangwani shi ne mafi tsufa, an ji shi an ƙoshi. Ban san cewa sabon take turawa ƙasa ba, don kada yara su taɓa. Ban ko saka shi na ji ba, na jefa a aljihu na fita.

Abokina ya juya kaset ɗin ya duba gindinsa. A nan akwai wasu 'yan haƙora biyu na roba, in an karya su rikoda ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kai ba. Waɗannan a karye suke.

"Mai wannan ba ya son a shafe shi," ya ce.

"Tsoho ne, na shekarun baya. Ba mai nemansa."

"Ka tabbata?"

"Wallahi."

Ya yanko salatif ya liƙe ramukan biyu, ya saka, ya danna. Muna shan shayi muna hira aka gama gaba da baya.

Kwana tara na yi ina jin daɗina, rikoda a ƙarƙashin bargo, murya can ƙasa. Ban taɓa barin gefe na biyu ya kai ƙarshe ba, da waƙar ƙarshe ta mutu nake juyawa. Ranar Juma'a ta biyu na dawo daga Harami na tarar da tsofaffi huɗu a tsakar gida, shayi ya yi, Umma kuwa ta zazzage gwangwani a kan tabarma tana juya kaset ɗaya bayan ɗaya. Tana cewa, "Mai ɗigon lalle ne. Yaya takan ɗiga masa lalle a kusurwa. Da hannuna na sa shi a ƙasa."

Na san ɗigon nan, kwana tara ina kallonsa. Na shiga ɗaki na ɗauko, na ajiye a gabanta, bakina ya ƙi buɗuwa. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ya je hannuna ba. Ta yi bismilla ta saka ta danna, matan suka gyara zama.

Jita ta fara, ganga ta biyo baya, mutumin nan ya ƙwala ihunsa a tsakar gidanmu. Wata tsohuwa ta zabura ta yi a'uziyya, har shayi ya zube mata a zane. Wata ta ce, "Ikon Allah, Hajiya, ko biki ake yi a can?" Umma ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta ga salatif ɗin da ke leƙowa ta tagar rikodar, ta mayar da kai. Matan suka fara tuna ayyukan da suka bari a gida, ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Umma ba ta kashe ba. Ta zauna ta ji gefe na farko har ya ƙare, ta juya da kanta. Ni ina tsaye jikin bango, ba halin tafiya. Waƙar ƙarshe ta mutu, aka ji ƙas, sai ga muryar tsohuwa a tsakiyar magana, da kukan akuya a bayanta:

"…to wannan shi ne abin da ya daɗe yana cina a rai, yau na faɗa miki na huta. In ya ɓata miki rai ki yafe mini, ni da ke ciki ɗaya muka fito. Ki gaishe mini da Ma'aiki. Ki ce masa ina nan tafe in da rabo."

Sai tari, sai wani yaro ya tambaya ko a kashe, sai zaren ya ƙare. Abin da ya rage na maganar awa guda ke nan.

Ni ne ɗan fari, kuma Umma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye in akwai yadda za ta kauce. Da ta ɗauki muciya ta rotsa mini kai da na ji sauƙi. Sai kawai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan ya kwashe kofunan nan." Na kwashe. Na yi niyyar in durƙusa in ba ta haƙuri da daddare, na ɗaga zuwa safe, safe ta zama gobe. Duk wanda ya taɓa jinkirta ban haƙuri ya san yadda yake ƙara nauyi kullum, har ya gagari ɗauka.

Ta ɗauki nata kaset na shekara mai zuwa tun da wuri. Ina jin ta daga tsakar gida tana cewa, "Yaya, saƙonki ya samu matsala a hanya, ki maimaita mini abin da kika ce." Ba ta ce ɗanta ne ya shafe ba. Da Hajji ya zagayo alhajin da ya zo bai kawo tsumma ba. Ya zauna a zaure ya yi ta'aziyya, ya ce tun cikin damina Yaya ta rasu. Ya tambaya ko har yanzu a tafi da kaset ɗin a ba 'ya'yanta, Umma ta ce a bar shi.

Daga nan ne ta fara abin da ya sa nake wannan rubutu. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta shiga ɗaki ta saka kaset mai ɗigon lalle tun daga farko. Na taɓa cewa ƙanwata ta gaya mata akwai maɓallin da ke tura zare gaba, ba sai ta sha wannan hayaniyar ba. Ta ce a gaya wa mai shawarar ta san maɓallin, ta kuma ga ranar da ya sa rikoda ta tauna zaren wani wa'azi. Amma ba wannan ne kaɗai dalilin ba. Rikodar abokina tsohuwa ce, ba ta shafewa tas. A ɗan shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa, in ka manna kunne da lasifika, za ka ji wani abu can ƙasa kamar ana magana a gidan maƙwabta. Ba a gane kalma, sai dai hawa da saukar murya. Umma ta yi imani wata rana za ta tsinci kalma ɗaya, daga ita ta kamo sauran.

Baba yana aiki a gonar dabino a Al-Awali, sai ranar Alhamis yake dawowa. Juma'ar farko da ya ji abin yana tashi daga ɗakin matarsa ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu.

"Ke, a garin Manzo? Maƙwabta su ce me?"

"Malam, 'yar'uwata ce a ƙarƙashinsu," ta ce. "In za ka iya ɗaga mini su, bismilla."

Baba ya juya ya fita. Daga ranar ya mayar da zaman la'asar ɗinsa na Juma'a masallaci.

Umma ce ta raɗa wa Turawan nan suna Maƙera, wai ba ta taɓa jin ƙarar ƙarfe irin wannan ba tun da ta bar maƙerar ƙauyensu. Tun tana jure su don dole har ta san su. Shekara ta kai ta haddace jerin waƙoƙin, ta sa wa kowace suna. Akwai Sussuka, saboda yadda ganga ke faɗuwa bi da bi. Akwai Rigimar Kasuwa. Akwai wata mai sanyi a gefe na biyu, jita kaɗai da murya, wadda ta ce a cikinta mutumin yana faɗin "a bar ni a nan" da Hausa tsantsa. Na je na tambayi abokina, ya yi dariya har da hawaye, ya ce Turanci ne kuma maganar wata budurwa ake yi. Da labarin ya kai mata ta ce shi ya sani, ita dai abin da ta ji ke nan. Na sha kama ta tana tankaɗe tana bin sautin wannan waƙar da hanci. In da wani ya ce mata tana son kiɗan Turawa da sun yi faɗa.

Ni kuwa abin ya fita raina. Na daina zuwa shagon Ƙiblatain na tsawon lokaci. In Juma'a ta yi nakan nemi dalilin barin gida, don duk bugun gangar nan a ƙirjina yake sauka.

Daga baya na samu aikin tuƙa motar ziyara, ina kai alhazai Ƙuba da Uhudu da Ƙiblatain. A nan na ƙara Turanci, a nan kuma na ji sauran labarin Maƙera. Wani alhaji daga Ingila, dattijo mai farin gemu, ya zauna kusa da ni wata rana, hira ta kai mu can. Ya yi mamakin jin sunansu a bakin direba a Madina. Ya ce shi ma kafin ya shiryu ya taɓa kwana a layi don ya gan su. Ya ce sun daɗe da watsewa, ɗayansu ya mutu da ƙuruciyarsa, sauran suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna. Amma a cewarsa duk yaron da ya ɗauki jita a ƙasarsu har gobe da waƙoƙinsu yake fara koyo, ko ya san sunansu ko bai sani ba.

Da na dawo na ba ƙanwata labarin da ƙarfi yadda Umma za ta ji. Ta bar abin da take yi.

"A tambaye shi wanne ne ya mutu. Mai kukan?"

Na ce ban tambaya ba.

"Allah Sarki," ta ce. "Allah Ya ba uwarsa haƙuri."

Kaset ɗin ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki. Ba ta taɓa barin ya kwana a hannun wani ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Na taɓa kawo shawarar a ajiye wata rikoda kusa da tata a kwafe maganar Yaya. Kallon da ta yi wa rikodar da na shigo da ita ya sa na fita da abata. Sau biyu zaren yana tsinkewa, abokina ya zo har gida ya haɗa shi da jan farce tana tsaye a kansa. Na uku a tsakiyar zafi ne, zaren ya manne da juna ya narke, ba abin da za a haɗa. Ta naɗe shi cikin tsummansa ta mayar gwangwani, ba ta sake zancensa ba.

Shekaru suka wuce. Baba ya rasu, abokina ya koma Sudan, muka bar tsohon gidan muka koma bene. Idon Umma ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. 'Yata ta biyu ce ke zama da ita da rana. Yarinyar tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, su biyun haka suke hirarsu ba mai gyara wa wani. A bakin kakarta ta ji labarin Maƙera, ta zo ta tambaye ni sunansu na gaskiya. Minti biyu bai cika ba ta nemo su a waya, ga hoton nan na ramammu huɗu. Ta ce miliyoyin mutane na saurarensu har yanzu, har da ƙawayenta. Na ce ta bari, ta ce Sitti ce, wato kakar tata, ta ce a nemo.

Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Na zauna a bakin gado don ban san inda zan sa kaina ba. Sautin ya fito tas, ba shuu ɗin zare, har na ji wasu kayan kiɗa da ban taɓa sanin suna ciki ba. Umma ta kira sunan kowace waƙa tun kafin ta kankama. Da aka zo shirun farko na ga ta karkato da kai wajen wayar, ta daɗe a haka, sannan ta koma ta jingina. A shiru na biyu ba ta karkato ba.

Waƙar ƙarshe ta mutu. Umma ta gyara ɗankwali, ta haɗa hannuwa a cinya, tana jira. Wayar ta yi tsit.

"Khalas ya Sitti," in ji yarinyar a hankali, wato an gama.

Umma ba ta motsa ba. Ni da furfura a gemu, na ji bakina ya buɗe da kansa. Na ce, "To wannan shi ne abin da ya daɗe yana cina a rai." Na yi niyyar in ƙarasa mata maganar Yaya ne kawai, don na haddace ta kamar Fatiha. Amma da na kai wajen "ki yafe mini" sai na ga maganar ta zama tawa. Na sauko daga gadon na durƙusa, na ce, "Umma, ni ne na ɗauka. Na ga an karya haƙoran, aka tambaye ni, na rantse. Ki yafe mini."

Ta lalubo kaina ta dafa. Ba ta ce a gaya wa wancan ba, da ni ta yi magana.

"Tashi, kai ma ka tsufa, gwiwarka za ta yi ciwo. Na yafe maka tun kafin ka yi aure, kai ne ba ka zo ka karɓa ba."

Na ci gaba da durƙuso. Hannunta na kaina, ta juya fuska wajen taga, har na ɗauka ta gama.

"Amma wallahi," ta ce, "har yau ina so in san me ta ce."